Matsakaicin Zango

Kaduna, 9 ga Rajab 1360

Daga Lawali ɗan Gidaɗo zuwa ga yayana Rabi'u ɗan Baba Maccido, a Zangon Tsakiya, Jega.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da baƙin zango da dabbobinsu. Ni ma lafiya lau nake, in ban da murar da ruwan Kaduna ya sa mini, ita ma ta yi sauƙi.

Wani Bajege mai fataucin fata ya ba ni labarin Baba ya faɗo daga kan jaki, ƙugunsa ya karye, an kai shi Aliero wurin maɗori.  Ka gaishe shi, ka ce masa ɗansa Lawali yana yi masa addu'a. Ga bargo da kwalbar man zafi irin na Turawa na haɗa da takardar, a shimfiɗa masa, a shafa masa.

Bayan haka, albishirinka. Ka san shekara uku ke nan ina gidan waya, na fara da ɗaukar tsani da haƙa ramin turke. To, yanzu an mayar da ni ɓangaren wayar iska, inda magana ke tafiya ba tare da an ja waya ba, ta faɗo cikin akwati mutum ya ji da kunnensa. An ba ni kaki biyu da keke. Baturenmu, wanda muke kira Mai Lofe, ya ce a cikinmu mu tara babu mai kunne irin nawa. A makon jiya ya tara mu duka, ya dafa kafaɗata a gabansu, ya ce daga yau ni ya ɗora a kan matsakaicin zango.

(A nan ruwa ya wanke layi biyar, ba su karantuwa.)

... kuma da Jega za mu fara, ni da shi, bayan ƙaramar salla. An riga an rubuta wa hakimi, ya kuma amince. Ka sa a share mana gindin tsamiyar nan ta ƙofar zango, don Bature ya ce fili yake so inda jama'a za su taru. Kada ka faɗa wa Baba tukuna. Na fi so ya gani da idonsa.

Ka gaida Yaya Kaltume in ka je Maiyama. Wassalam.

Ƙanenka, Lawali.

*

Jega, 2 ga Sha'aban 1360

Daga Rabi'u zuwa ga Lawali, ma'aikacin Nasara a Kaduna.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Baba yana Aliero gidan Shehu maɗori. An ɗaure ƙugun da karare, ba ya iya juyawa sai an juya shi. Kowace Talata da Juma'a nakan hau jaki in je in yi masa wanka, in sake masa shimfiɗa, in komo zango kafin magariba. Bargo ya iso. Man zafin kuwa maɗori ya ce kada a kusance shi da shi.

Takardarka ta zo jiƙe. Kwalekwalen da ya ƙetaro da jakar wasiƙu ya sha ruwa a gulbi, tawada ta zube a tsakiya, layi biyar sun tafi. Amma abin da ya rage ya ishe ni.

Zango uku ne a Jega, ka sani kamar yadda na sani. Babba na fataken goro, ƙarami na masu gishiri, sai namu na tsakiya. Matsakaici kuwa, ko a Kaduna, na tsakiya yake nufi. Ka yi masa ado da sabuwar Hausarku ne don kada in gane da wuri. Ban tsaya ga karatuna ba, na je ƙofar hakimi na tambayi magatakarda. Ya ce tabbas takarda ta zo daga Kaduna, da sunanka a ciki, da batun zango, da batun a tara jama'a. Mi ya rage kuma?

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wanga zango, tun ƙafar Baba ta fara nauyi. Ni ke raba faɗan Buzu da Bayarabe a bakin rijiya. Ni ke tsayuwa a kwashe kashin jakai. Ni na sake rufin rumfuna bakwai bayan gobara, kai kana can kana koyon sa hular Nasara. Kowa ya san in Baba ya sauka ni hakimi zai naɗa. Sai ga shi tsoho bai ko mutu ba, yana kwance da karaya, ka zagaya ta baya ka ɗauko Bature da takarda.

Kana da shekara shida anka kawo ka gidanmu, ubanka ya rasu, ba abin da ya haɗa mu sai kakanninmu da suke wa da ƙane. Ɗakina anka sa ka, akushina munka ci. Da Turawa sunka ce a ba su yaro ɗaya daga gidan ya yi boko a Birnin Kebbi, kai Baba ya zaɓa, ya ce kanka ya fi buɗewa. Ban ce komi ba. An ba ka kaki, an ba ka keke, Bature ya dafa kafaɗarka. Duk bai ishe ka ba sai ka haɗa da abu ɗaya da ya rage mini.

Ka ce in share maka gindin tsamiya. Ka zo da tsintsiyarka. Ka kuma ce kada in faɗa wa Baba. Wannan kuma ni da ubana ne.

Rabi'u.

*

Gumbin Kure, ƙasar Maiyama, 5 ga Shawwal 1360

Daga Kaltume ɗiyar Maccido zuwa ga ƙanena Lawali. Malam Attahiru limamin garinmu ke rubuta mini, ni ke faɗi.

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da salla. Mu nan lafiya, gero ya yi kyau bana, maigida Buba yana gaishe ka. Yara sun yi ƙyanda amma duk sun tashi.

Lawali, wata biyu ke nan ba wanda ya ji daga gare ka, shirun kuwa ya fi komi ɓarna. Bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Kwana biyu kafin azumi na kai wa Baba fura a Aliero. Ina zaune ina dama masa Rabi'u ya shigo, ko gaisuwar kirki bai yi ba ya zauna. Baba ya tambaye shi abin da yakan tambaya kullum, ko ana cikin yi masa wanka, wai Lawali ya rubuto? Rabi'u ya ce ya rubuto. Ya zaro takardarka daga aljihu ya karanta wuri uku: inda Bature ya ɗora ka a kan zango, da inda anka rubuta wa hakimi, da inda ka ce kada a faɗa wa Baba.

Baba ya ce, “Sake karantawa.” Ya sake. Baba ya ce, “Lawali da kainai ya rubuta wanga?” Rabi'u ya ce, “Ga hannunsa, ka san shi.”  Sai Baba ya ce in ɗauke masa bargon da ka aiko. Na ce Baba akwai sanyi da safe. Ya ce in ɗauke. Sa'an nan ya ce, “Ku gaya mai kada ya tako inda nike. In na mutu kada ya kama makarata.” Furar nan bai sha ba, na komo da ita Maiyama.

Tun daga ranar abincinsa ya ragu. Maɗori ya ce ƙashi yana kamawa, amma mai ƙashin ne ba ya taimakonsa.

Ni ban yarda za ka yi haka ba. Na goye ka, na san halinka: kana da son a yabe ka, kana da baki, amma ba ka da mugunta. Sai dai ni ba karatu gare ni ba, ba zan yi gardama da takarda ba. Na kuma dubi fuskar Rabi'u lokacin da Baba ya ce a ɗauke bargo. Ba baƙin ciki na gani ba, ba kuma farin ciki sosai ba. Kamar mutumin da ya daɗe yana marmarin abu, ya samu, ya sa a baki, ya rasa ko ya haɗiye ko ya tofar.

In gaskiya ne, ka ji tsoron Allah ka janye. In ba gaskiya ba ne, ka yi magana tun tsohon nan yana da sauran kunne.

Yayarka, Kaltume.

*

Kaduna, 20 ga Shawwal 1360

Zuwa ga Yaya Rabi'u.

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, ina tambayar jikin Baba. An tura mu Kano tun farkon Sha'aban, muna ja wa sojoji waya a filin jirgin sama, ba a bar mu mun rubuta wa kowa ba. Jiya na dawo na tarar da takardarka da ta Yaya Kaltume a haɗe. Na karanta su a tsaye, sai da na nemi wurin zama.

Yaya, ba zangon Baba nake nufi ba. Wallahi ko a mafarki bai zo mini ba. Me zan yi da rumfuna da kashin jakai, ni da ko ɗaurin mangala na manta? Bari in sake rubuta abin da ruwa ya cinye.

Maganar da ke tafiya ta wayar iska, tafiyar igiyar ruwa take yi. Ka tuna in muka jefa dutse a gulbi, yadda ruwa ke tashi layi bayan layi? To, haka take fita daga injin, sai dai ido ba ya gani. Tazarar da ke tsakanin wannan layi da na bayansa, Turawa suna auna ta da mita, suna da nasu sunan. Mu ma'aikata da muka rasa yadda za mu faɗa wa juna da Hausa, sai muke cewa zango, don ta yi kama da tazarar da ke tsakanin masaukin fatake da na gabansa. Iri uku ne a fuskar akwatin: dogon zango, matsakaicin zango, gajeren zango. Akwai wata allura da ake murzawa ta koma kan wanda ake so.

Kowanne da halinsa. Gajeren zango shi ne mai nisan tafiya, ko da yake sunansa bai nuna ba. Yakan yi sama ya dawo ƙasa can wata duniya, da shi Turawa ke jin labarin yaƙi daga ƙasarsu. Amma yana iya tsallake garin da ke kusa. Matsakaicin zango kuwa ƙasa yake bi kamar matafiyi. Da rana ba ya nisa, in rana ta faɗi sai ya ƙara tsawon ƙafa. Mai Lofe ya haɗa wani ɗan inji a nan, yana so ya san iyakar inda muryarsa za ta kai a kan matsakaicin zango. Shi ya sa za a ɗauki akwati a bi garuruwa ana saurare. Aikin da aka ɗora ni a kai ke nan. Ni na roƙa a sa Jega a farko, ni na ce a kafa a ƙofar zangonmu, don Baba ya ga abin da yaron da ya rena ya zama. Takardar hakimi ba ta ce komai ba sai a ba mu fili. Batiran da muke jira ne ba su iso ba, shi ya jinkirta tafiyar.

Na yarda na cika baki a waccan takarda. Da ban yi zancen keke da kaki ba, wataƙila da ka karanta ta da wata zuciyar. Amma kai ma, Yaya, layi biyar sun ɓace, ba ka ce bari in tambaya ba. Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya.

Ina roƙonka don Allah, ranar da wannan ta iso, ka hau jaki ka je Aliero ka karanta wa Baba ita daga farko har ƙarshe. Ba na iya aiki. Jiya na haɗa waya a baibai, Mai Lofe ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Ƙanenka, Lawali.

*

Jega, 4 ga Zulƙida 1360

Zuwa ga Lawali.

Muna lafiya. Baba ya fara zama in an jingina shi da bango.

Takardarka ta iso a bushe, na karanta duka. Na kai wa malamin gidan waya na nan, ban nuna masa sunanka ba, na tambaye shi mene ne matsakaicin zango. Ya yi mini bayani kusan irin naka, har ya zana mini igiyar ruwa a ƙasa da tsinke. Na yarda. Ba zangona kake nema ba. Na yi kuskure.

Na je Aliero sau biyu tun zuwanta, tana cikin aljihuna. Ban karanta masa ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ga dalili. Tun ranar da ya ce a ɗauke bargo, Baba bai sake tambayata kai ba. In na shigo, sunana yake kira. Ranar Juma'a ina shafa masa man shanu a ƙafa, ya ɗora hannu a kaina ya ce, “Rabi'u, ashe kai na bari a baya. Allah shi yi ma albarka.” Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin wagga magana daga bakinsa ba. Kai ka ji ta ranar da ka sauke izu biyar, ka ji ta ranar da za ka Birnin Kebbi, ka ji ta ranar da ka aiko da hotonka ya yi ta nuna wa fatake. Ni ina tsaye a gefe riƙe da akalar jakin wani.

Shekara uku ba ka tako Jega ba. Ni ke ɗauke fitsarinsa in zubar. Amma da bargonka ya zo sai da ya kira maɗori da matan gidan su zo su taɓa. Na san in na karanta masa takardar nan, kafin in kai ƙarshe ya koma naka, har da ƙari, don zai ji ya zalunce ka. Ni kuma in zama wanda ya kawo ƙarya.

Ban ce ba zan karanta ba. Na ce ban karanta ba tukuna. Ka bar ni in ɗan daɗe a inda nake.

Rabi'u.

*

Kaduna, 16 ga Zulƙida 1360

Zuwa ga Yaya Rabi'u.

Gaisuwa. Na gode Allah da Baba ya fara zama.

Na karanta takardarka, na yi fushi kwana biyu, na ɗauki alƙalami zan rubuta wa Yaya Kaltume ta je ta faɗa masa. Na fasa. Daga bakinka ya ji, in ba daga bakinka ya ji warwararta ba, zai ce 'yar'uwa ce ke rufa mini asiri. Ba zan sake roƙonka ba. Abu ɗaya zan ce: albarkar da kake ji yanzu, ka san da me ka saye ta.

Batira sun iso. Amma ba zan zo ba. Wanda zai yi magana a bakin injin ya kwanta ciwo, Mai Lofe ya ce ni zan zauna in yi, tunda Hausar can ce a bakina. Shi zai zo da akwatin, tare da wani abokin aikina Banufe. Za su saurara a Jega ranar Litinin da Talata na farkon Zulhajji, Laraba su wuce Maiyama. Zan fara da la'asar, amma kada ku sa rai sai rana ta faɗi. Ƙirga ne kawai aka ce in yi, na roƙa an yarda in ƙara gaisuwa guda. Ban sani ba ko za ta kai. Abin da ake gwadawa ke nan.

Lawali.

*

Jega, 15 ga Zulhajji 1360

Daga Rabi'u zuwa ga ƙanena Lawali.

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da babbar salla. Mun yi layya lafiya. Baba yana gida Jega yanzu, jiki da sauƙi ta wani wajen, ta wani wajen kuma za ka ji.

Baturenka ya iso ranar Litinin da hantsi a cikin mota. Na share gindin tsamiya da hannuna. Banufen ya hau ya ɗaura waya daga reshe zuwa kan rumfar farko, sunka ɗora akwatin a kan turmi. Kafin la'asar Jega ta ƙare a ƙofar zangonmu. Mahauta sun bar nama, matan Fulani sun aje ƙoren nono a ƙasa, har masu awon hatsi sun rufe buhu. Ranar ce wani madugu ya sauka wurina daga Gwanja da labarin hanya cike da baki. A da, da shi za a kewaye. Ya zauna shi kaɗai yana korar ƙuda, daga baya shi ma ya taso.

Har rana ta yi ja ba a jin komi sai ƙara kamar ana suya. Mutane sun fara dariya. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Munka yi magariba a wurin. Muna sallamewa Banufen ya murza allura, sai ga ka. Ɗaya, biyu, uku, muryar tana zuwa tana komawa kamar mai magana daga ƙetaren gulbi. Wata tsohuwa ta yi salati ta gudu. Sai ka ce kana gaida Baba Maccido na Zangon Tsakiya, Allah ya ba shi lafiya, kana gaida yayanka Rabi'u mai riƙon zango.

Duk sunka juyo kaina. Sarkin fawa ya rungume ni yana cewa, “Ƙanenka na! Ƙanenka na cikin akwati!” Kowa yana ba ni hannu saboda kai. Na yi murmushi har muƙamuƙina ya gaji. A raina kuwa ina cewa, ko gaisuwar da ya yi mini ma ta fi duk abin da na taɓa yi girma. Amma abin da ya tsaya mini shi ne, ka kira sunan tsoho a gaban garin duka, shi yana Aliero yana fuskantar bango.

Da asuba na tafi. Na tarar da Buba mijin Kaltume ya kawo masa gero. Na ce Baba za mu kai ka Jega ka ji Lawali. Ya ce, “Na ce kada ya tako inda nike, ni kuma in taka inda yake?” Sai na zaro takardarka na karanta, daga gaisuwa har sa hannu. Na ce da fari kuskuren karatu ne, daga baya na sani na yi shiru.

Ya ce, “Kwana nawa da ka sani?”

Na ce, “Talatin da 'yan kai.”

Ya dube ni. Na so ya zage ni, bai zage ni ba. Ya ce, “Ku ɗauke ni.”

Shehu maɗori ya ce in ƙashin ya goce ba ruwansa. Munka ɗora shi a gadon kara, ni da Buba a gaba, 'ya'yan maɗori biyu manya a baya. Ka san hanyar Aliero, ka san yashin da ke bayan gonakin albasa. Mun sauke shi sau tara. Buba ya ce mu musanya kafaɗa, na ƙi. Har yau fatar wurin ba ta warke ba. Tun daga Aliero har Jega Baba bai ce mini uffan ba. Ruwa ma daga hannun Buba ya karɓa.

Mun iso rana tana faɗuwa, jama'a sunka buɗe mana hanya har gaban akwatin. Anka yi magariba, ba kai. Ƙara kawai. Banufen yana murzawa yana share gumi, Bature yana duba agogo. Na ce a raina, shi ke nan, na kashe ubana a hanya a banza. Sai can ƙasa-ƙasa munka ji goma sha bakwai, goma sha takwas. Muryar ta taso. Da ka kai ga gaisuwa, Baba ya yunƙura kamar zai tashi, ya ce da ƙarfi, “Na'am! Lahiya lau, Lawali! Ni na yi ma laihi, ka yahe min. Kana ji na?” Kai kuwa ka koma ƙirga. Ya sake kira. Banufen ya durƙusa ya ce masa akwatin kawowa yake yi, ba ya kaiwa. Baba ya ce, “Yana magana, ba ya jin ta kowa?” Ya ce e. Baba ya ce, “To shi na. Haka yake tun yana yaro.” Jama'a sunka fashe da dariya, shi kuma hawaye na bin gemunsa.

Laraba sunka wuce Maiyama. Kaltume ta aiko cewa ta ji ka amma kaɗan, iska ta fi ka ƙarfi. Ka faɗa wa Baturenka.

Bayan salla da kwana biyu hakimi ya kira ni ya naɗa ni a kan zango, da yardar Baba. An yi kiɗa. Na komo gida da rawani na durƙusa gaban Baba, ya ce madalla, ya tambayi ina bargo. Bai sake ɗora hannu a kaina ba. Ban ce ka ji tausayina ba, ni na jawo. Ban kuma ce kishinka ya fita daga raina ba. Yana nan. Na dai daina yi masa aiki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun ranar Talatar nan hankalin Baba ya fara raurawa. Kowace magariba sai an fito da shi gindin tsamiya. Na ce masa akwati ya tafi. Ya ce ai takardar ta ce maganar a iska take tafiya, in rana ta faɗi takan ƙara nisa, to tana wucewa ta nan ko da akwati ko babu, ni mai karatu in saurara in faɗa masa. Kwana biyu na ce ban ji komi ba, kwana biyun nan bai ci tuwo ba. A na uku na ce ka yi magana, ka ce kana gaishe shi. Ya cinye akushi.

Tun daga nan kullum sai na faɗi wani abu. Na ce ka ce keken yana lafiya. Na ce ka ce ana ruwa a Kaduna, ya ce ruwa a wanga wata? Na ga ya fara zargi. Ni ban san zamanka ba, ban san abin da kake ci ba, ban san yadda kake magana yanzu ba, abin faɗi ya ƙare mini. Na yi masa ƙarya a kanka sau ɗaya, ba na so in ci gaba da wata.

In za ka iya samun hutu, ka zo. In ba za ka iya ba, ka rubuto mini magana mai yawa, ta kwana talatin ko fiye, kowace rana da tata, ka raba su da layi don kada in haɗa biyu. Ka naɗe takardar a cikin fata saboda gulbi. Zan zauna kusa da shi in faɗa masa yadda ka rubuta, ba zan rage ko harafi ba.

Wassalam.

Yayanka, Rabi'u.